Ƙusa Ɗaya a Bangon Shaikh Irshad

Ustad Ilam Din ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana sassaƙa katako a Chiniot, kuma a duk layin masassaƙa ban san mutum ɗaya da ya taɓa cewa yana ƙaunarsa ba. Hannunsa ake girmamawa. In ya fitar da fure a jikin katakon shisham, masu saye har daga Lahore suke zuwa su tsaya suna shafawa. Bakinsa kuwa babu daɗi, fuskar nan kullum a murtuke.

Ni Liyakat a hannunsa na koyi aiki, kuma har yau ƙaramin yatsana na hagu a karkace yake. Da guduma ya buge shi. Laifina shi ne na mayar da cizal guda, wato ƙarfen sassaƙa, cikin gurbin da ba nasa ba a akwatin kayan aikinsa.

Akwatin nan nasa gadon ubansa ne, da ƙarafan sassaƙa talatin da shida a ciki. Kowa a garin yana jera nasa daga ƙarami zuwa babba, shi kuwa bisa yadda fure ke fitowa yake jerawa: na yanka gefe, sai na ƙwaƙule ciki, sai na tsaga jijiyar ganye, haka har ƙarshe. Ba ya duban akwatin in yana aiki, hannu kawai yake miƙawa ya ɗauko abin da yake so. A cikinmu ba a taɓa kayan aikin wani, ba a tsallake su, in ƙarfe ya faɗi ƙasa ka ɗauka ka sumbata ka kai goshi. Shi ya ɗauki wannan da zafi fiye da kowa.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa guda ya tafi masaƙa a Faisalabad, ko da Salla ba ya leƙowa. Ɗaki ɗaya yake kwana a bayan masallaci, da rana ya ci gurasar roti da miyar dal shi kaɗai, ya juya mana baya. In ka cire mazauninsa na bakin ƙofa a shagon Shaikh Irshad, inda muke aiki, to ba shi da komai a duniya.

Tufail, abokin aikina mai bakin tsiya, shi ya fara lura. Wata rana ya ajiye wa Ustad kofin shayi a hagu maimakon dama, sai muka ga hannun tsohon yana laluben iska. Daga nan muka sa ido. Ashe duk cizal ɗin da ya ɗauko sai ya shafa bakinsa da babban yatsa kafin ya ɗora a katako. Daga baya ne muka ji cewa likita ya gaya masa jijiyar idon ce ta mutu, babu magani, kuma ya fi shekara biyu yana ɓoyewa don kada Shaikh ya sallame shi.

Tufail ya raɗa mini, "Liyakat, tsohon nan da yatsu yake gani."

Ya kamata in ji tausayi, amma gaskiya daɗi na ji. Shekarata arba'in da shida a duniya, har yanzu ina sassaƙa ƙafafun gado a lungu, duk wani aiki mai kyau sai a kai bakin ƙofa. Na gaji da jira.

Ana cikin haka Shaikh Irshad ya je ya ga wata masana'anta a Lahore, ya dawo kansa ya ɗau zafi. Ya sa aka kafa faffaɗan allo a bango, aka shafe shi da farin fenti, aka buga ƙusoshi layi-layi, a ƙarƙashin kowace ƙusa aka zana siffar kayan da za a rataya da jan fenti. Zarto a kan zanen zarto, magagari a kan zanen magagari. Ya ce daga yau babu akwati a shagonsa, kowa ya juye nasa.

Ban taɓa jin Ustad ya roƙi wani ba sai ranar. "Shaikh Sahib, ƙarafan nan ba su taɓa kwana a waje ba."

"Ustad-ji, ƙarfe ne fa, ba 'yan mata ba," in ji Shaikh, ya wuce yana dariya.

Muka ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ina! Tsohon ya ɗauki tsumman mai ya ce zai goge ƙarafansa kada su yi tsatsa, ya yi kwana uku yana shafa allon, ashe ƙusoshin yake ƙirgawa daga gefen ƙofa. A rana ta huɗu ya haddace su tsaf. Da safe ya kwashe layinsa na fure, guda goma sha biyu, da la'asar ya fara daga ƙusar farko ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan zanensa. Abin ya burge ni, ya kuma ƙona mini rai.

Ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa Tufail ba. Da tsohon ya tafi sallar azahar, na ɗauko ƙusa guda na buga a farkon layinsa, gaban ta farko, da tazara daidai da sauran. Bugu uku na yi mata.

Da la'asar Shaikh ya shigo duba allonsa kamar kullum, don ya fi son allon nan da 'ya'yansa. Ustad ya miƙe ya lalubi ƙusar farko, wato tawa, ya soma ratayewa. Kowane ƙarfe ya gota wurinsa da ɗaya. Mai faɗi ya hau zanen siriri, siriri ya hau zanen mai lanƙwasa, zane na ƙarshe ya zauna ba komai. Ya karkaɗe hannu ya juya zai tafi.

Shaikh ya ce masa ga jan zane nan a gabansa, ya daidaita. Tsohon ya tsaya. Ya kai hannu ya taɓa wannan, ya taɓa wancan, leɓensa yana motsi yana ƙirga, lissafin kuma daidai yake fita masa kowane karo. Gumi ya keto masa.

Sai Tufail ya yi murya mai laushi ya ce, "Ustad-ji, wace irin riga Shaikh Sahib ya sa yau?"

Shaikh kullum fari yake sawa, kowa ya sani. Tsohon ya ce fara. Ranar shuɗiya ce, surukinsa ya kawo masa tsaraba. Shago ya kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Shaikh bai kore shi ba, shi mutum ne mai son a ce yana da tausayi. Ya mayar da shi can ƙuryar shago, aikin goge katako da samfefa, ya ce ƙarafan su zauna a bango tunda makaho ba abin da zai yi da su. Washegari na zauna a bakin ƙofa, ƙarafan suka koma hannuna. Tufail ya daina ce masa Ustad-ji, ya koma Baba-ji, kamar kowane tsoho da ke zaune a bakin titi, sauran ma suka bi.

Ni yanzu nake fitar da fure, shi ke gogewa. Da farko nakan ga yatsansa ya tsaya cak a inda na yi kuskure, ya ɗan jima, sannan ya ci gaba da gogewa. Wannan tsayawar tana ba ni haushi. Amma samfefa tana cin fata, duk wanda ya yi wata yana gogewa ya sani. Kan yatsunsa ya fashe, ya warke, ya sake fashewa, ya yi kanta. Bayan wata huɗu yatsan ya daina tsayawa.

Wata rana da tsakar rana, muna cin abinci, ya lallaɓo da bango har wurina. Ya rame ƙwarai. Ya ce, "Puttar, ɗana, ba ni guda in riƙe. Ba aiki zan yi ba."

Na miƙa masa wanda ke kusa da ni, mai miƙaƙƙen baki, faɗin yatsa. Ya sumbace shi, ya kai goshi. Ya shafa bakin da babban yatsa, ya sake shafawa, ya juya shi ya gwada da manuni. Ya daɗe a haka. Can fuskarsa ta ɗan saki.

"Mai lanƙwasa ne, na ƙwaƙule cikin fure. Ko ba shi ba ne?"

Tufail ya toshe baki da roti, kafaɗunsa suna rawa.

"Shi ne, Baba-ji," na ce, na karɓe abuna.