Akwatin da Bai Gasu Ba

Tun ranar da aka ja mana lantarki a gidanmu na Ƙofar Dundaye hankalina bai kwanta ba. Ɗiyata ta fara rarrafe, duk abin da ta gani sai ta kai baki. Ni kuwa karatuna bai yi nisa ba, abin da na sani game da lantarki shi ne yana kisa ba sallama.

Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai sun shigo gari, ma'aikata na ta sayen firji da talabijin. Wutar kuma ba ta da tsayayyen hali, yanzu ta yi ƙasa, an jima ta yi tsalle ta ƙona kaya. Maigidana gyaran rediyo yake yi a Ƙofar Rini, sai ya fara haɗa akwatunan daidaita wuta da hannunsa, shi ke naɗa waya, shi ke liƙa dalma.

Akwati ba ya barin gidanmu sai ya gasu, haka yake cewa. Zai jona shi a ɗakin da ke jikin nawa, ya ɗora masa ƙwayayen lantarki shida da dutsen guga, ya rufe taga, ya bar shi kwana uku yana gurnani cikin zafin bazara. In an ɗauke wuta ya ƙara wuni.

Na ce, "Malam, wanga abu zai ƙone muna gida."

Ya yi dariya. "Tsoronki ya cika yawa. Akwatin da za shi mutuwa ya mutu hannuna, ba gidan mutane ba."

Sai wani malamin makaranta, Kirista ɗan Filato da ke zaune unguwar Minanata, ya ba da aiki. Akwatinsa ya fi sauran wari, irin warin robar da ta taɓa garwashi. Maigida na fita na ɗauki muciya na danne makunnin. Da kiran la'asar na mayar da wutar, don ya tarar da ɗumi. Haka na yi kwana ukun nan. Yakan dawo ya ɗora bayan hannu a kan ƙarfen ya ce, "Wanga jarumi ne."

Bayan mako guda malamin ya zo da hantsi, akwatin ɗaure a bayan babur, baƙi ƙirin. Bai ɗaga murya ba.

"Injiniya, ka ce ya gasu. To ga shi ya ƙone, ya tafi da talabijin da labulen matata. Allah ya so yara suna makaranta."

Maigida ya kwance shi a kan tabarmar zaure, ya daɗe yana juya wayar da ta narke. Ya ce, "Kwana uku na ba shi, bai nuna komi ba. Ashe hannuna ne ba shi da kyau."

Ina bayan ƙofa da goyo, ina ji.

Daga ranar bai ƙara naɗa waya ba. Magana ta zaga gari, masu kiransa injiniya suka daina. Ya koma kan rediyo har idonsa ya raunana. Na sha shirya maganar in na kai masa tuwo, sai in ga ya gaji, in ce gobe. Ya rasu ban faɗa ba.

Don Allah, in kun ji tsofaffin Minanata na zancen akwatin nan, ku gaya musu ba a bar shi ya gasu ba ne. Matar mai gyaran ce ta kashe wutar.