Hannun Daman Nagode

Wata bakwai ke nan ina fama da shafi ɗaya na wani ɗan littafin zane da nake yi wa yara, labarin dabbobi masu riguna da bindigogin toka. Ban sani ba ko zan iya gama shi. Labarin ba nawa ba ne, na kakata ne, kuma na taɓa zana shi sau ɗaya ina aji huɗu, na sha wuya a kai.

Lokacin garinmu bai koma Suleja ba, Abuja ake ce masa. Da an yi sallar magariba sai mu kewaye murhun Kaka, ni da yayyena biyu, Isa da Garba, tana juya doya a garwashi. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika, sai dai wasan nata yana da ƙaya: mijinta rago, mijinta mai hannun mata. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ku matso ku ji ƙaryar da ta faru." Kowa a gidan ya san mahaifinta bawa ne, ɗan bindigar wani sarkin yaƙi kafin zuwan Turawa, amma ba a zancen.

Ga tatsuniyar, iyakar abin da na iya riƙewa. Kura ce sarkin yaƙi. Ta sayi tsofaffin bindigogi waɗanda aka ɗaure bakinsu da kiri, ta rasa mai riƙewa, don manyan dawa sun san bindiga tana cin mai ita. Sai aka bai wa birai, tunda bayi ne kuma suna da yatsu. A cikinsu akwai wani Nagode, gwanin ɗuri. Idan an zuba albarushi an danna da sanda, abin da ya rage na sandar a waje shi ake aunawa da yatsu. Yatsa uku ne ƙa'ida. Ranar da aka je cin garin ɓauna a kan dutse, Kura ta ce a yi biyar, tana so ƙarar ta kai kunnen Zaki a gida. Nagode ya durƙusa ya ce ƙarfen ba zai ɗauka ba. Kura ta ce ba shawara ta saye shi ya ba ta ba. Ya ɗura, ya ja kunama, bindiga ta tsage ta tafi da hannunsa na dama.

A nan Kaka takan tsaya ta ɓare doya. Kura ta zo, ta fara ɗaga bindigar ta duba ko za ta gyaru. Aka tsoma dungulmin a tafasasshen man kaɗe. Ba a kashe shi ba. Da yamma aka kawo wa birai tuwo a akushi ɗaya, Nagode ya miƙa hagu, 'yan'uwansa suka janye akushin. Hannun tsarki ba ya shiga miyar mutane. Shi kaɗai ya riƙa cin abincinsa har ya mutu. Shi ke nan. Ba a kama Kura da komai ba, ƙara mata doki ma aka yi.

Abin ya hana ni sukuni. Malam Bulus, malaminmu mutumin Kafanchan da ke haya a maƙwabta, ya taɓa koya mini raba takarda gida-gida don labari ya riƙa tafiya. Na samo takardar buhun siminti da gawayi, na zana birai da 'yan riguna da ƙahon albarushi a kafaɗa, na sa wa Kura rawani. Da na zo gidan ƙarshe sai na kasa. Na sa bindigar ta fashe ta kashe Kura, Nagode ya haye dutse yana ɗaga hannu biyu.

Na kai mata ina jiran yabo. Ta karkata takardar wajen hasken wuta, ta daɗe tana kallo. Ta ɗora farcenta a hannun birin tana ƙirga yatsun a bayyane har biyar. Ta tambaye ni wa ya mayar masa. Na ce ni ne, don na ji tausayinsa. Sai ta cusa takardar a murhu.

"Tausayin rago ke nan, mijina," in ji ta. "Ba shi ka ji wa ba, kanka ka ji wa. Kawo hannun."

Ta dunƙule mini hannun dama, ta naɗe da tsumma ta ɗaure tamau a wuyan hannu, ta ce kwana uku, wanda ya kwance kuma shi ma a ɗaure masa. Mahaifiyata ta kau da kai, ba ta isa ta tanka wa surukarta ba. Washegari aka ajiye mana tuwo mu uku a kwano ɗaya kamar kullum. Na miƙa hagu, Isa ya janye kwanon da ƙafa, ya ce ba a miyarsu ba. Garba ya ƙaga mini waƙar Dungu. Ba wanda ya sa su. An zuba mini nawa a murfin tukunya, na ci a gindin rumbu ina jin dariyarsu, miya tana bin gwiwar hannuna. A makaranta ma na ƙi fita tara.

Ran na uku da yamma ta kira ni, tana kwance tsumman ba ta dube ni ba. Ta ce tana yarinya ita ke kai wa babanta abinci. Ka san ragowar uba, yara har kokawa suke yi a kai. Shi kuwa kullum sai ya rage mata wajen nama, ya tura mata kwanon da hagu, don shi kaɗai ne hannun da ya rage masa.

"Sai in ce na gode, in zaga bayan ɗaki in juye wa kaji," in ji ta. "Ta kafar zanan da aka kewaye gidan yake hango ni. Bai taɓa cewa komai ba, bai kuma fasa ragewa ba."

Har yau ban yanke hukunci a kan abin da ta yi mini ba. Na yi karatu har jami'a, na san ba haka ake tarbiyyar yaro ba, kuma ina jin ban gama yafe mata ba, ko da yake ina yi mata addu'a. Wataƙila gaskiya take so in koya. Wataƙila kuma shekara sittin ta yi tana neman wanda zai ɗanɗana, sai ta same ni a kusa. Da ina tsammanin Kura ce muguwar labarin. Yanzu zana Kura ba ya ba ni wahala, haka fashewar bindigar da tukunyar mai, duk na gama su.

Shafin da ya rage shi ne na bayan ɗaki: 'yar ƙaramar biranya da kwano a hannu, kaji sun taru. Matata ta ce in cire shi, yara ba sa buƙatarsa, kuma mai yiwuwa tana da gaskiya. Na goge shi sau da yawa, don duk yadda na juya fensir fuskar Kaka ce ke fitowa. Jiya na sake zana shi, na ƙara ido ɗaya a jikin zana. Ban goge ba tukuna.