Dinyar da Ta San Ƙarar Bokiti

Ranar da baƙuwar dinya ta sauka a gonar alkama da ke bayan ƙauyen Jurilovca, mutum goma sha bakwai ne suka jeru a bakin hanya cikin sanyin Janairu, kowa ido a madubin hangen nesa. Duk kanta suke kallo, fari tas da zane biyu baƙaƙe a ƙeya. Fevronia kaɗai ta lura da abin da ya faru lokacin da bokitin ƙarfe ya faɗo daga keken dokin wani manomi. Dubban dinyoyin daji suka miƙe wuya, na bakin gona suka tashi. Baƙuwar kuwa sai ta juyo, ta yi taku uku wajen da ƙarar ta fito.

Fevronia ta shekara talatin da ɗaya tana raba wasiƙu a kan keke a ƙauyukan bakin tafkin Razim. A hanya ta san tsuntsaye, don tafiyar doguwa ce, ba abokin hira. Sunayensu kuwa Malam Achim ne ya koya mata, malamin makarantar da take kai wa mujallar tsuntsaye duk wata. Da ta yi ritaya ba ta daina fita ƙidayar dinyoyin daji ba, a gida kuma tana kiwon nata guda goma sha ɗaya. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce ta ga tsuntsu, ba a ƙara tambaya.

Shi ya sa Malam Achim yake neman sa hannunta. Shi ya fara ganin baƙuwar, wadda asalin irinta can tsaunukan Asiya ne. In kwamitin da ke tantance baƙin tsuntsaye ya yarda ta daji ce, ba daga kejin wani ta gudo ba, sunansa zai shiga littafi. Shekara arba'in yana jiran rana irin wannan, ga idanunsa sun fara hazo.

Ya miƙo mata takardar shaida. "Mai wasiƙa, ga biro. Ko sai na durƙusa? In na durƙusa fa ke za ki ɗaga ni."

"Malam, wannan ta saba cin abinci a hannun mutum."

"Ƙafarta ba zobe, fikafikanta ba yanka. Me kuma kike so, fasfo?"

"Ba zan sa hannu ba tukuna."

"Ke dai duk abin da ke da gashi da baki, ɗan gidanki ne!"

Wani baƙo daga Bukarest ya ce a ƙyale ta, ga shaidu birjik. Malam Achim ya girgiza kai. Ya san abin da kwamiti zai fara tambaya: Fevronia tana wurin? To ina sunanta?

Da rana ta yi tsaka, baƙi suka tafi cin farfesun kifi da tuwon masara. Fevronia ta je gida ta dawo da bokitinta, da masara a ciki. Malam Achim yana nan zaune a kujerarsa ta naɗewa. Ta girgiza bokitin kamar yadda take yi wa nata dinyoyin kowace yamma.

Garken ya tashi gaba ɗaya, ya nufi tafki. Baƙuwar kaɗai ta rage a gonar. Ta taho tana rangaji tana gunaguni, har ta tsaya kusa da takalmin Malam Achim, inda ko idonsa mai hazo ba ya buƙatar madubi.

Ya daɗe yana kallon dinyar.

"Kyakkyawa ce dai, 'yar banza," in ji shi. Can ya ce wa Fevronia, "Da kin yi shiru, wa zai sani?"

"Ni. Kai ma bayan kwana biyu."

Ya ninke takardar huɗu, ya tura a aljihu. Ya buɗe littafinsa, ya rubuta kwanan wata da sunan tsuntsuwar, a gefe ya ƙara: ta gidan wani ce.

"Asabar za ki fito ƙidaya? Ni yanzu in sun wuce ɗari, hayaƙi nake gani."

"Ƙarfe bakwai, Malam. Ka zo da shayi."

Ta zuba wa baƙuwar masarar a ƙasa, ta rataye bokitin a keke, ta koma gida ta sake cika shi, don nata dinyoyin ba su ci komai ba tun safe.