Ruwan da Ke Zuwa Garin Mama

Shekara arba'in da wani abu mahaifiyata ta yi a Zuru, kuma har ta koma ga Ubangiji mutanen unguwarmu Inyamura suke ce mata. A wurinsu duk wanda ya fito daga kudu, in dai ba Bayarabe ba ne, to shi ke nan, an gama masa suna. Ita kuwa 'yar ƙabilar Ijo ce, mutanen ruwa, daga can inda kogin Neja yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Mahaifina soja ne. Aiki ya kai shi can, ya dawo da akwatin ƙarfe ɗaya da mata ɗaya, ya ajiye su a gindin dutse.

Ta gaji da gyara wa mutane. Tana cewa da Hausarta ta bariki, "Ni ba Inyamuri ba. Yarensu ko ɗaya ban ji." Sai a yi dariya a ce duk kanwar ja ce. Su kuma 'yan Ibo masu shaguna a kasuwa sun san ba tasu ba ce. Suna gaishe ta da mutunci, amma ba sa kiran ta taronsu na ranar Lahadi. Haka ta zauna, babu mutum ɗaya a duk faɗin garin da zai ce mata ina kwana da harshen uwarta.

Ni ɗin ma ban koya ba, kuma ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Ina yaro kunya nake ji in ta yi mini yarenta a gaban abokaina. Nakan amsa da Hausa, da ƙarfi, har ta daina.

Labarin ƙasarsu dai ba ta daina ba. In tana gyaran busasshen kifi sai ta tsuke baki ta ce wannan itace ne. A garinsu, in ji ta, tukunya tana kan wuta ake zuwa a kamo kifin. Kasuwa a kwalekwale, coci a kwalekwale. Ta ce a yankinsu aka fara haƙo man da duk ƙasar nan ke taƙama da shi, amma da aci-bal-bal ta bar uwarta. Lokacin da ta taho, Ribas ake kiran jiharsu. Tana nan Zuru tana surfen dawa aka yanke yankinsu aka sa masa Bayelsa. Ranar da na gaya mata sai ta ce, "To, yanzu ni 'yar inda ban taɓa zuwa ba ce."

Bayan na zama malamin firamare, wata rana muka ga motar kaya a tasha da lambar jihar. Na karanta mata kirarin da ke jiki, na fassara: Ɗaukakar Dukan Ƙasashe. Ta sa na maimaita. Daga ranar ta samu abin tsokanar mahaifina. In ya yi ƙorafin gishiri ya yi yawa a miya sai ta ce, "Yi haƙuri, mutumin dutse, Ɗaukaka ce ta dafa." Direban motar kuwa Bakano ne, ko sunan garinta bai taɓa ji ba.

Sau ɗaya na ga ta zama yarinya. Mun je biki Yawuri, ta sulale ta nufi bakin kogi. Na same ta ta tattare zane, ta shiga ruwa har gwiwa. Ta ce, "Wannan ruwa ƙofar gidan babana yake wucewa." A nan ta gaya mini al'adarsu: mace ba ta kwanciya a garin miji. Duk nisan inda ta yi aure, in ta mutu gida ake mayar da ita, a sa ta a kwalekwale, 'yan'uwanta su tarye ta a bakin ruwa da waƙa. Ta ce, "Kai ne babba. Za ka kai ni?" Na ce zan kai ki, Mama. Na faɗa ne yadda ake cewa sai gobe.

Mahaifina ya riga ta rasuwa da shekara shida. Wasiƙun gida sun daɗe da yankewa, wanta ɗaya da ke rubutowa ya rasu. Ta tsufa a kan tabarma a ƙofar ɗaki, tana magana ita kaɗai da yaren da babu mai amsa mata.

Ranar da ta rasu, dattawan coci, da kyakkyawar niyya, suka aika a kira shugaban 'yan Ibo ya zo ya faɗi yadda ake yi wa nasu. Mutumin ya zo, ya cire hula, ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce cikin ladabi shi bai san al'adarsu ba, domin Mama ba Ibo ba ce. Wata tsohuwa da suka yi shekara talatin suna zama benci ɗaya da Mama ta ce, "Ashe da gaske take yi?"

Na buɗe baki na faɗi abin da ta roƙe ni. Wan mahaifina, wanda muke kira Baba Babba, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Mi kake faɗi? Matar da ta ci dawarmu shekara arba'in za a ɗauka a kai cikin ruwa? Wa ka sani can? Nan anka aure ta, nan za ta kwanta." Gaskiya ya faɗa, ban san kowa ba. Sunan ƙauyen kawai nake da shi, da kirarin jikin mota. Da na dage, da an bar ni, domin ni ne babba. Na sunkuyar da kai na bar maganar, kuma har yau ba Baba Babba nake jin haushi ba.

An haƙa mata kusa da mijinta. Masu haƙa suka yi ta fama da tsakuwa har diga ta lanƙwashe. Ita da ta ce a garinsu kamu biyu za ka tona ruwa ya ɓullo.

Da shekara ta zagayo, na ɗebi ƙasar kabarinta cikin ƙyallen ɗankwalinta, na shiga motar Yawuri ni kaɗai, ban gaya wa ko matata ba. Na nemi wurin da ta tsaya, na naɗe wando, na shiga har gwiwa. Na so in yi mata sallama da yarenta, na laluba kaina ban samu kalma ko ɗaya ba. Sai na ce da Hausa, "Mama, ga hanya nan." Na kwance ƙyallen na zuba.

Ƙasar Zuru ce, duk tsakuwa. Ruwan ya ɗan yi ja, ya wuce abinsa, ita kuwa ta nutse nan take a gaban ƙafata.