Ruwan da Aka Ba Baƙon Malam Aƙilu

Malam Aƙilu maɗinkin huluna ne a wani lungu na Kusfa, mutumin da ko akuya ce ta ci masa goro, shi zai ba ta haƙuri. Da aka haɗa ƙananan hukumomin da ke shan ruwan madatsa ɗaya a kwamiti guda, aka ce kowace unguwa ta turo wakili, sai aka tura shi. Ba wai ya iya magana ba ne, masu bakin ne kowa ya ƙi yarda da ɗan'uwansa.

Shi kuwa saboda matarsa Sailuba ya karɓa. 'Ya'ya sun yi aure sun watse, rijiyar gida ta koma ja tana wari, lungun ya yi wa kurar 'yan ga-ruwa ƙunci. Gwiwa ta hana shi ɗaukar kaya, don haka ita ke zuwa wata unguwa ɗebo na sha, ga bayanta ya fara ƙi.

Ranar da 'yan kwamiti suka zo duba waɗanda za a fara ja wa famfo, mutanen lungun suka yi abin da suka gada. Wa zai miƙa wa baƙo gurɓataccen ruwa? Kowane gida ya nemo mai kyau, aka turara randa, aka sanyaya. Shugaban tawagar, Injiniya Zaharaddini, ya sha a zauren Aƙilu har ya nemi ƙari.

"Masha Allah! Malam, ai ku kun gode Allah."

Aka mayar da lungun can ƙarshen layin masu jiran famfo.

"Malam," in ji Sailuba, "an aike ka neman ruwa, ka dawo mana da yabo. A wace tukunya zan dafa shi?"

Sai Aƙilu ya riƙa zuwa ofishin kwamiti, ya yi gaisuwa ya zauna a benci, bai roƙi kowa ba. Ganinsa ya ishi Injiniya, ya ce zai sake zuwa.

Ranar da zai zo, bawan Allahn nan Aƙilu ya sake tanadar ruwa mai kyau! Yana shiga ya ɗauko, ya iske Sailuba ta cika kwanon baƙi da na rijiya.

"Haba Sailuba. Mahaifina bai taɓa yi wa baƙo haka ba."

"Rijiyar mahaifinka fara ce. Matsa, ni zan kai."

Ta yafa mayafi ta fito zaure, tana dafa bango. Ta russuna da ƙyar.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Ga abin da muke da shi."

Injiniya ya dubi ruwan, ya dubi yadda ta kasa miƙewa. Tsohuwa ta ba shi da hannunta, ba halin ya ƙi. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya ajiye kwanon a hankali. Aƙilu ya juya fuska bango yana share ido da hannun riga.

Bayan damina aka ja musu famfo. Ba kullum yake kawowa ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Amma ranar farko, Sailuba ta jawo kujera ta zauna, ta miƙa ƙafafunta ƙarƙashinsa.

"Ki rufe mana, ana asara," in ji Aƙilu.

"Bar ni kaɗan, Malam."

Ya tsaya riƙe da bokiti yana jira har ta gaji don kanta.