Fizar da Na Gasa a Tanderun Inna

Kwalin na fara gani, faffaɗa, maiƙo ya ɓata murfinsa. Wani direba ya ajiye shi a kan kantar shagon yayana da ke Titin Koudoukou, ya buɗe, sai ga wani abu kamar gurasa an shafe ta da jar miya, cuku ya narke a kai. Ina zaune bayan buhunan shinkafa da littafi a cinya, irin ƙananan littattafan soyayyar da manyan motoci ke kawo mana daga Kano ta Kamaru. Na rufe littafin.

"Wannan kuma wane irin burodi ne aka yi wa ɓarin miya?" in ji yayana.

"Fiza ce, baƙauye. Ci ka ji."

Direban abokin yayana ne, yana tuƙa wasu Italiyawa masu kamfanin katako. Ya yanko ɗan yanki ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. A littattafaina, namijin da ya kasa duban mace ya riga ya kamu. Na ci, na ji tsami da gishiri da ƙamshin hayaƙi, na kuma yanke wa kaina cewa shi ne mijina.

Ba a daɗe ba sojoji suka yi tawaye kan albashi. Aka fara harbe-harbe daga wajen bariki, aka fasa shaguna a tsakiyar gari, jirage suka kwashe Turawa har da Italiyawan. Direban ya rasa aiki. Duk ranar da aka samu lafawa yakan zo gidanmu ya zauna da yayana a zaure, ni kuma ina bayan ƙofa ina tsintar shinkafar da ba ta buƙatar tsinta. Wata rana na ji yana ba da labarin kukun Italiyawan: yadda yake kwaɓa fulawa da yis ya bar ta ta tashi, yadda yake murza ta da tafin hannu, da yadda wutar itace ce kawai ke ba ta ɗanɗano. Ya yi dariya ya ce, "Wallahi ba albashin nake kewa ba kamar fizar nan." Na ɗauka da ni yake.

Inna tana da tsohon tanderun ƙasa da take gasa gurasa da azumi. Na kwaɓa fulawa, na daka tumatir da albasa da ɗoɗɗoya, na samo cukun da ake kawowa daga wajen garin Bouar. Sai na yi yadda na saba gani: na manna kullun a jikin bangon tanderun. Miyar da cukun duk suka zube cikin garwashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan.

"Ke, sojoji ba su ƙona mu ba, ke za ki ƙona mu?" in ji Inna tana tari.

Ƙawata ta leƙo ta kan katanga tana dariya har da riƙe ciki. Maƙwabciyarmu ce, tare muka taso. Sango, yaren garinmu, ya fi zama a bakinta, ba ta karanta Hausa, don haka ni nake karanta mata littattafaina da rana a gindin mangwaro, muna kuka tare. Ba abin da ba ta sani ba game da direban. Ita ta taya ni muka kwantar da tanderun a gefensa, muka tallafe shi da laka, muka shimfiɗa jan bulo a cikinsa. Na koyi tura itacen mangwaro can ƙurya, in jira har baƙin hayaƙin da ke rufin ya koma fari, in watsa fulawa a kan bulon in ga yadda take canza launi. Na ƙona da yawa. Gashin hannuna ya babbake. Ranar da ta farko ta fito daidai, gefenta ya kumbura da ɗigon baƙi-baƙi, cukun yana tafasa, sai da na yi hawaye.

Ni ba zan iya kai masa ba. Baba ya hana ni fita, kuma ko da bai hana ba, yarinya ba ta ɗaukar kwano ta kai wa saurayi da ƙafarta. Ƙawa ake aika. Ita kuwa tana tallar fanke, kowa ya saba ganinta a hanya. Na rufe farantin da sabon ƙyalle na ce, "Kada ki ce ni ce. Zai gane."

A karo na biyu ma haka na ce. Daga na uku na kasa haƙuri. "Ƙawalli, yau ki faɗa masa."

Ta dawo tana haki, ta ce sojoji sun tsayar da ita a shingen bakin kasuwa har sun ɗaga ƙyallen. "Na faɗa masa. Ya ce hannun da ya yi wannan a gidansa zai tsufa."

Na rungume ta. Na yi kwanaki ina maimaita maganar, ina wanke hannuwana da sabulu mai ƙamshi. Da na tambaye ta me ya sa bai aiko da komai ba, ta ce kunyar yayana yake ji. Daga nan ta fara zuwa da wuri. Yis nawa ake sawa? Yaya ake gane bulon ya yi zafi? Bari in gwada murzawa. Na riƙe hannunta cikin nawa ina nuna mata, ina jin daɗin ta damu da abin da na damu da shi.

Ana cikin wata lafawa, an buɗe kasuwa, yayana ya shigo da azahar da goro da alewa a leda. Ya ce wa Inna abokinsa direba ya aika manya neman aure gidan maƙwabta, an karɓa.

"Yarinyar nan jaruma ce. Ya ce cikin harbe-harbe take gasa masa fiza ta kai masa." Ya juyo gare ni. "Ashe hayaƙin da kuke cika mana gida da shi nata ne? Ke 'yar hura wuta ce kenan?"

Inna ta dube ni, ta dubi tanderun. Ta yaya zan buɗe baki a gaban yayana in ce ina son abokinsa?

Da la'asar na same ta tana wanke-wanke a bayan gidansu.

"Kin ce kin faɗa masa."

Ba ta ɗago ba. "Ke kika ce kada in faɗa."

"Na farko da na biyu! Na ukun fa?"

"Na ukun ya riga ya tambayi sunan babana." Ta ajiye kwanon. "Wa ya bi ta gaban bindigogi da faranti a ka? Ke kina cikin gida kina jira ya gane. Bai ma san kalar muryarki ba."

"Maganar hannun fa?"

"Ya faɗa. Wallahi ya faɗa." Ta goge hannunta da zane. "Nawa yake riƙe da shi lokacin."

Ban je bikin ba, na ce zazzaɓi nake. Ta kan katanga nake jin guɗa. Inna ta tayar da tanderunta tsaye da azumi ya zo, ta ci gaba da gurasarta.

Direban ya samu babbar mota yana jigilar kaya daga Douala. Da rikici ya sake tashi bayan shekaru, ya kwashe iyalinsa suka koma Kamaru, a wani gari kusa da iyaka. Waɗanda suka je sun ce ya yi ƙiba, ya gina gida, suna zaune lafiya da ƙawata da 'ya'yansu. A can ciwon suga ya kwantar da shi. Yayana ya je jana'izar, ya dawo yana cewa har ƙarshe mutumin nan bai daina ba baƙi labarin yadda matarsa ta ciyar da shi lokacin tawaye ba.