Fararen duwatsun hanyar keke

Ni ma na taɓa zama babban mutum a Arlit, kada a gan ni yau ina facin taya a raina ni. A shekarun da kasuwar iraniyom ta faɗi, aka rage ma'aikata, motocin kwasar mutane suka ragu, kowa ya koma keke da ƙafa. Sai magajin gari ya kafa komite mai ba da shawara kan inda masu ƙafa da masu keke za su riƙa bi. Aka ce ana neman wanda ya san keke kuma ya yi lakwal, wato boko. Keke na san shi. Lakwal kuwa na yi ta har ranar da mushe, malaminmu, ya roƙi babana ya bar ni in huta.

Ba son girma ya kai ni ba, ko da yake na ɗinka sabuwar riga. Uwar 'ya'yana ce dalili. Kullum da hantsi takan ɗauki tasar tuwo a ka, daga bukkokinmu zuwa kasuwa, ta gefen hanyar manyan motoci. Wata rana wani kamiyo ya kusa goge ta, tasa ta yi gabas, ita ta yi yamma. Na rantse sai na yi mata hanyarta, kuma ranar buɗewa ni zan goya ta a keke, ita da tasar.

"To, Mushe Komite," in ji ta, "Allah ya sa kafin nan da sauran ƙarfi a gwiwarka."

Mun sha shayi a komiten nan, mun sha gardama. Kwalta dai babu halinta. Muka tsaya a kan a jera duwatsu layi biyu, a shafa musu farar ƙasa, daga bukkoki a kudu har kasuwa a arewa. A tsakiya akwai wata itaciyar ƙaya. Na hana a sare ta, don na riga na ga inda matata za ta sauke tasa ta sha iska. Sai muka lanƙwasa layin ta gabas ya kewaye ta. Wannan lanƙwasa hikimata ce ni kaɗai, kowa ya shaida.

Lokacin fari ya kore makiyaya daga daji, sun zo sun kafa tantuna a bakin gari. Su kuwa a daji haka masallacinsu yake: duwatsu a jere, da ɗan kumburi wajen alƙibla. Na zo da azahar in gwada hanya, na tarar da takalma a jere, mutane sun yi sahu tsakanin duwatsuna, liman yana cikin lanƙwasata. Da suka sallame, wani dattijo mai rawani ya riƙe hannuna, ya ce da 'yar Hausarsa:

"Kai ka yi wannan? Allah ta gina maka gida a Aljanna."

Na buɗe baki in yi bayanin keke. Abin da ya fito shi ne amin.

A komite shugaba ya tambaya wa zai je ya tashi masu salla. Kowa ya duƙufa kallon kofin shayinsa. A gida kuwa matata ta yi dariya har da hawaye. "Na roƙi hanya, ka gina wa maza masallaci."

Da tawaye ya yi zafi, kasuwa ta mutu, muka yanke ta tafi Tahoua da yara cikin ayarin da soja ke rakawa. Yaran suka yi gaba da kaya, ni na goya ta zuwa tasha. Muna isa duwatsun ta taɓa bayana.

"Sauka, Malam. Ba a hawa a nan."

Babu kowa a wurin. Ta cire takalmi ta shiga tsakanin layukan, ni na saɓa keke a kafaɗa ina bin ta ta waje. A hankali take tafiya. A gindin ƙayar ta tsaya, ta buɗe hannuwa tana aunawa.

"Faɗin ya yi. Ko da tasa zan wuce."

Ba ta dawo ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta can, kafin hanyar dawowa ta buɗe.

Yanzu wurin an gina shi da bulo, har da lasifika, 'yan kabu-kabu na kewaya shi suna ta ƙara. Sun bar itaciyar a cikin fili. Nan nake jingine kekena, in zauna tun kafin a kira salla. Yara suna cewa tsoho ya cika ibada, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.